Ƙafar da Ba Ta Ce Wash Ba

Sunana Saratu, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa, kuma duk mai cin kasuwar Dungas ya san muryata ko da bai riƙe fuskata ba. Ba ni da sanyin baki, wannan ba sai an faɗa ba. Matan zumunta na majami'armu ne suka tasa ni gaba, suka ce tunda bakin nan nawa ba ya hutawa, in zauna in ba da labarin jinyar maigidana, ɗiyata Hannatu ta rubuta, ko Allah zai sa wani ya ji ya tsira da ƙafarsa. To, ga ni. In kun ji na yi ƙorafi a wani wurin ku yi haƙuri da ni, godiyar ta fi ƙorafin yawa.

Maigidana Dauda manomi ne, a wani ƙauye gabas da Dungas muke zaune. Mu masu bin Yesu ne, kuma gidajen masu bi a ƙauyen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi kawunsa ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, a hannunsa ya tashi cikin wannan hanya. Wansa kuwa, Yaya Idi, uwa ɗaya uba ɗaya, Musulmi ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ya yi tafiya. Gonakinsu iyaka ɗaya, kuma tun da mahaifinsu ya rasu Yaya Idi ne uba. Maigida ba ya sayar da ko akuya sai ya je ya durƙusa ya gaya masa. Da Salla nama ya shigo mana, da Nowel, wato Kirsimeti, shinkafa ta shiga musu. Haka na tarar da su tun ranar da aka kawo ni gidan.

Ciwon ya daɗe yana nuna kansa, mu ne ba mu san shi ba. Tun bazarar bara waccan maigida ya kama shan ruwa kamar an huda shi, randa guda sai ya kusa ganin ƙarshenta a yini, kuma kowane lokaci yana hanyar bayan ɗaki. Wandonsa ya fara zame masa, na ce wahalar gona ce. Na sha ganin kiyashi sun yi baƙi a inda ya tsuguna, in share in wuce. Babban abin kuwa, wanda har yabonsa muke yi, ƙafarsa ce. Kun san rairayinmu da tsakar rana a bazara, ko jaki sai ya riƙa ɗage ƙafa. Shi kuwa sai ya bar takalmi a gida ya taka har kasuwa. Ƙarangiya ta cika masa tafin ƙafa bai sani ba, sai na zauna ina cire masa. Mutane na cewa, "Kai Dauda, ƙafarka ta mazan jiya ce!" Shi kuma yana washe baki. Ashe ba ƙarfi ba ne, ciwo ne.

Ranar da ruwan shuka ya sauka muka fita gona da sassafe. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni da yara muna biye, muna zuba gero muna rufewa da diddige. Kowa ba takalmi, don da takalmi ba ka jin ramin ya rufu. Hantsi ya ɗaga sai na ga sawunsa na dama yana barin ja a kan jiƙaƙƙen rairayi.

"Maigida, me ka taka?"

"Ni? Ban taka komai ba."

Na sa ya zauna na ɗaga ƙafar. Tushen karan dawa na bara ne, wanda aka sare a karkace ya bushe ya yi tsini, ya shige masa tafin ƙafa ya karye a ciki. Da ƙyar na zaro shi. Ko motsi bai yi ba. Muka wanke, na yage bakin zanina na ɗaure, ya miƙe ya ɗauki sungumi. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, kuma ba ni ce zan ce wa manomi ya koma gida a irin wannan rana ba.

Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi. Yaya Idi ya zo dubiya ya ce gashi take so. A danginsu shi ne gwanin gashi, wurin mahaifinsu ya gada. Targaɗe ne, kumburi ne, ciwon baya ne, duk wurinsa ake zuwa, kuma ana samun sauƙi, ba zan ɓoye ba. Ya ce in tafasa ruwa da ganyen dogon yaro da ƴar jar kanwa. Ni na hura wutar.

Duk wanda ya san gashi ya san mai ciwo shi ne ma'auni. Ana tsoma tsumma a ruwan zafi a danna, in ya ce wash a ɗaga, a bari ya ɗan huce a sake. Yaya Idi ya danna.

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Yaya. Ƙara."

Ya sake tsomawa, bai ko jira tiririn ya lafa ba. Maigida na kwance yana ba ni labarin irin waken da zai shuka tsakanin geron. Yaya Idi ya girgiza kai ya ce ciwon ya yi nisa a ciki, sai an bi shi da zafi sosai. Aka ƙara wuta. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙafar ya tsoma ta cikin ruwan, ya riƙe ta da hannunsa yana cije leɓe, har yatsunsa suka yi bororo. Mai gashin ne ya ce wash, mai ƙafar bai ce ba.

Washegari da na kwance tsumman, fatar ta biyo shi kamar ɓawon dafaffen dankali.

Daga nan masu shawara suka buɗe kasuwa a gidanmu. Wannan ta ce garin bagaruwa, waccan ta ce zuma, wani ya ce man shanu da toka. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce abu aka binne masa a gona, a nemi mai tonowa. Namu ma ba su bar ni ba. Wani ɗan'uwa mai bi ya kawo ƴar kwalbar mai daga tsallaken iyaka, ya ce an yi addu'a a kai, in shafa kawai, zuwa likita rashin bangaskiya ne. Da pasto ya ji, ya ce masa Allahn da ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi, ya ce mu tashi mu tafi tun da wuri. To amma ga noman farko ya taso, ga maigida kowa ya tambaye shi sai ya ce da sauƙi, kuma shi a wurinsa gaskiya yake faɗa tunda ba ya jin zafi. Muka yi ta gobe, jibi, har ranar da wari ya tare ni a ƙofar ɗaki, na buɗe na ga yatsu biyu sun yi baƙi.

A amalanken shanu muka kai shi likitan Dungas, wato ɗan asibitin garin. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya tsaga masa ɗan yatsan hannu ya ɗiga jinin a wata ƴar na'ura, ya dube ta, ya dube mu.

"Ciwon sukari. Tun yaushe?"

Mu ma ba mu sani ba. Ya ɗauki allura ya ce maigida ya rufe ido, ya riƙa tsikarar lafiyayyar ƙafar, ta hagu, daga yatsu har diddige. Maigida na kwance abinsa yana jiran a fara. Majo ya ajiye allurar ya ce, "Madam, ƙafafun nan sun daɗe da daina magana. Mai sukari ba a yi masa gashi." Wannan maganar har yau tana cikin kunnena.

Da muka fito Yaya Idi na tsaye wajen shanun. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A gaban masu jiran likita, a gaban mai sayar da ƙosai, na ce masa, "Ka ji ko? Kai ka dafa masa ƙafa! Dafa ta ka yi kamar ta saniya!" Mutumin da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Ya sunkuyar da kai ya kama igiyar shanun.

Aka tura mu Magarya, muka yi makonni a can. Kowace safiya wankin ciwo, su suna ce masa pansama, kuma in ba ka kama layi tun kafin rana ta fito ba sai azahar ta same ka a tsaye. Damina ce, zazzaɓi ya cika asibiti da yara, ma'aikata kaɗan, marasa lafiya kamar ranar kasuwa. Ordinas kuwa, wato takardar magani, ta yau daban ta gobe daban, ƙafata ta san hanyar farmasi ko idona a rufe. Tunkiyata ta tafi, ƴaƴanta suka bi ta, buhunan gyaɗar da na ajiye don in yi mai su ma suka tafi. Amma a nan ne wata ma'aikaciya, Allah ya saka mata, ta zauna ta koya mini yadda ake allurar sukari, ta sa na yi ta gwadawa har na iya. A nan ne kuma matan da ke jinya a rumfa, ƴan Guci da ƴan Sassumbrum, waɗanda ban taɓa gani ba, suka riƙa ajiye mini malmalar tuwo in na makara a layi. Ba wadda ta tambaye ni addinina kafin ta miƙo mini ludayi.

An cire yatsun biyu, baƙin bai tsaya ba. Suka ce sai Damagaram.

Likitan da ya karɓe mu a can ba mai yawan magana ba ne. Ya buɗe ciwon, ya daddanna ƙwaurin, ya zaro bik, wato alƙalami, daga aljihu ya ja layi a fatar maigida, ƙasa da gwiwa da kamar faɗin tafin hannu.

"Yau in kun yarda, nan zan yanke, gwiwa ta tsira. In kumburin nan ya haye layin, ba maganar ƙafa za mu yi ba kuma, maganar rai za mu yi."

Maigida ya juya fuskarsa bango ya ce ba za a yanke shi ba. Yadda Allah ya kawo shi da ƙafa biyu, haka zai koma. Yaya Idi, wanda ya biyo mu duk da abin da na yi masa, ya ce shi ma bai yarda ba, a ƙara gwada magani. Likita ya ce ba ya sa wuƙa a jikin wanda bai yarda ba, ya mayar da bik aljihu ya wuce gado na gaba.

Wannan makon shi ne mafi muni a rayuwata. Kowace safiya kafin in ce ina kwana sai in ɗage zani in dubi layin nan. Jan kumburin na hawa a hankali, yau saura faɗin yatsu huɗu ya kai layin, jibi saura uku. Na yi wa maigida faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, na kira masa sunayen yaranmu ɗaya bayan ɗaya. Yana nan a kan bakansa. Yaya Idi kuma ba ya shiga ɗakin in ina ciki. Yana can gindin wata bishiya a bakin asibiti da buzunsa da butarsa, in na fita siyan magani ya shiga, in na dawo ya fita. Ko gaisuwa ba ta haɗa mu. In na hango shi sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Addu'a ina yi, kada ku ce ba na yi. Amma addu'ata ta koma ciniki irin na kasuwar Dungas. In ce, Ubangiji, ka bar masa ƙafar, ni kuma zan riƙa share majami'a duk Asabar har in mutu. Gobe in ƙara tayi, in ce har da azumi. Da na ga ba a sallama mini ba sai na koma faɗa. Na ce, mu ƙalilan ne a ƙauyen nan, kowa idonsa na kanmu, haka za ka bar mu a ce ga abin da bin ka ya jawo? Barci ya gudu, wani dutse ya zauna mini a ƙahon zuci ko numfashi ba na yi sosai. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, kuma haushin kowa nake ji, har da Allah.

Ranar Litinin da hantsi ina zaune a rumfar masu jinya sai na ji an ce, "Saratu, sauke ni."

Gwaggo Lami ce, tsohuwar majami'armu, wadda ta tsufa tana dakon itace daga daji zuwa Dungas. Matan zumunta sun haɗa garin gero da wake da kuka, suka sa ta a mota, ita kuma ta ɗauko buhun a ka tun daga tasha. Na tashi na kama, muka sauke. Ta cire gammo, ta zauna, ta sha ruwa, ta ƙare mini kallo.

"Ke ce mara lafiyar ko Dauda?"

Sai na ɓalle mata. Na faɗi na likita, na faɗi na maigida, na Yaya Idi kuwa na zazzage shi tas. Na ce mata na yi addu'a har bakina ya bushe, ba a ji ni ba. Ta bar ni sai da na gaji don kaina.

"Da na iso nan, me na ce miki?"

"Kin ce in sauke ki."

"To. Tun ina budurwa nake ɗaukar itace, ban taɓa sauke babban dami ni kaɗai ba. Wadda ta gwada, wuyanta ya ba ta labari. Ɗauka ma da sauƙi, ƴata, saukewar ce sai da wani. Ke kin iso ƙofar gida tun tuni, kina tsaye da kaya a ka, kina yi wa mai gidan ciniki, kina yi masa faɗa. Shi kuwa Yesu masu kaya ya kira, ya ce su zo ya hutar da su. Bai ce su zo da tayi ba. Kin taɓa ce masa ya sauke ki?"

Na ce, "Gwaggo, in na sauke, wa zai riƙe?"

"Yo da ke kike riƙe da ran Dauda? Ashe ke babba ce ban sani ba."

Dariya ta so kama ni, kuka ya riga ta. Ta kama hannuwana biyu a nan cikin rumfa, mata na daka, wata na wanke kwanuka. Ba doguwar addu'a muka yi ba. Abin da na iya faɗa ke nan: "Ubangiji Yesu, na gaji. Da ƙafa ko ba ƙafa, da shi ko ba shi, naka ne. Sauke ni." Na yi ta maimaitawa ina kuka kamar yarinya, Gwaggo na cewa amin. Daga nan na ɗora kai a kan buhun garin nan. Ban farka ba sai da aka kira la'asar, na tarar wata ƴar Guci ta rufa mini zaninta, Gwaggo kuma na can wajen maigida tana ba shi kunu.

Ba abin da ya canza. Kumburin na nan, layin na nan, saura yatsu biyu. Amma dutsen nan ya tashi daga ƙirjina. Na ja numfashi ya kai har ciki. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ni ba mai wa'azi ba ce. Tsoron bai tafi duka ba, sai dai ya daina jan ragamata. Na ji a raina ko me ya faru ba a hannuna yake ba, kuma hannun da yake ciki ya fi nawa. Salama ce, irin wadda na sha ji ana faɗa ranar Lahadi ina gyangyaɗi.

Washegari da na shiga ban ɗage zanin ba. Na ɗebo ruwa mai sanyi na zauna na wanke masa lafiyayyar ƙafar, na shafa mata mai. Ya yi ta kallona.

"Yau ba faɗa?"

"Na ajiye shi a rumfa."

Na ci gaba da shafawa har na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Saratu, ba wuƙar nake tsoro ba. Manomi mai ƙafa ɗaya mene ne? Kaya zan zama a kanki. Ki yi daka, ki yi suya, ki yi kasuwa, ki dawo ki ɗauke ni. Gara in tafi da mutuncina."

Duk faɗan da na yi mako guda, ban taɓa yin shiru na ji wannan ba.

Na ce, "Maigida, yo da can ba kaya ba ne kai? Wa ke neman maka hula kullum da safe? Ni dai na fi son in ji sanda na ƙwanƙwasa mini tsakar gida da in ji shiru. In ka yi nauyi, na san wanda zan kira ya sauke ni."

Ya yi dariya, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. Ya ce, "To na ji. Amma sai Yaya ya yarda. In aka yanke ba da bakinsa ba, shi aka yanka."

Kun ga inda aka kai ni. Hanyar ran mijina ta bi ta gindin bishiyar nan, wurin mutumin da na tozarta a gaban mai ƙosai. Da a makon da ya wuce ne, ko da igiya ba a ja ni. Na jira ya idar da sallar azahar, na je na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan, yadda ya kamata tun farko.

"Yaya, ina wuni."

Ya amsa. Na ga yatsunsa a kan carbi, tabon ƙunar ya yi fari-fari.

"Yaya, bakina ya yi maka laifi a Dungas. Ka yafe ni."

Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, Saratu. Ni na dafa ta. Shi ya sa ba na iya cewa a yanke. In an yanke, ni na yanke wa ɗan'uwana ƙafa. Da wane ido zan dubi mahaifinmu?"

Ashe shi ma tsaye yake da nasa damin, ni ina ganin taurin kai ne. Na ce, "Ni na hura wutar, shi ya ce a ƙara, kai ka riƙe ƙafar a ruwan har hannunka ya ƙone. Cikinmu wa ya sani? Majo ya ce ƙafar ta daina magana tun kafin damina. Ban riƙe ka ba, Yaya, shi ma bai riƙe ka ba. Amma yanzu bakinka yake jira, kuma saura yatsu biyu."

Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Na kau da kai, don ba a kallon babba yana kuka. Can ya miƙe, ya naɗe buzu, ya wuce gaba ina biye. Ranar ce ta farko da muka shiga ɗakin tare. Ya tsaya a kan maigida ya ce, "Dauda, a yanke. Innarmu ba ƙafa ta haifa ba, mutum ta haifa."

Da safe aka shiga da shi. Aka ce ana bukatar jini, Yaya Idi ya naɗe hannun riga kafin a gama faɗa. Muka zauna a benci ɗaya, shi a wancan bakin yana jan carbi, ni da Gwaggo a wannan bakin muna addu'a. Ni da ba na iya jiran tukunya ta tafasa ban leƙa ba, ranar na zauna ban ko tashi ba. Da likita ya fito ya ce an gama, gwiwa ta tsira, da ƙyar, na durƙusa a kan siminti na gode wa Ubangiji da muryar kasuwa, har wata ma'aikaciya ta ce madam a hankali. Ƙafar kuwa Yaya Idi ne ya karɓa a naɗe, ya sayi farin ƙyalle, ya je ya binne ta da hannunsa.

Sai bayan an yanke gero muka koma gida. Gonarmu ba ta mutu ba: ƴaƴan Yaya Idi da maƙwabta sun yi mana gayya ranar Lahadi, mazan majami'a suka yi tasu ranar Juma'a, kowa ya zaɓi ranar da ɗan'uwansa ke wurin ibada. Ba a cika rumbu ba, amma mun ci. Wahala kuwa ba ta ƙare ba, kada in yi muku ƙarya. Maganin allura ba ya son zafi, a jiƙaƙƙen rairayi gindin randa nake binne shi, kuma in ya ƙare sai an je Magarya. Shayi ba sukari, fura sai ɗan ludayi, kullum sai mun yi rigima a kan wannan. Akwai ranakun da yake zama bai ce wa kowa komai ba. Akwai ranakun da dutsen nan ke dawo mini, sai in ajiye muciya in shiga ɗaki in sake cewa a sauke ni, don kaya ba sau ɗaya ake sauke shi ba. Abin dariya kuma, ƙafar da ba ta ce wash ba tana nan, yanzu da babu ita ta fara magana. Sai ya ce, "Saratu, babban yatsana na ƙaiƙayi." In ce, "Sai ka aika Damagaram a sosa maka."

To, ku da kuke ji. In mutum na shan ruwa ba ƙoshi, yana ramewa, kiyashi na bin fitsarinsa, ku kai shi a duba jininsa, ba abu ne mai wuya ba. In kun ga wanda ke taka rairayin bazara ba takalmi yana dariya, kada ku yaba masa, ku ji masa tsoro. Kuma don Allah, in ana gashi mai ciwo bai ce wash ba, a sauke tukunyar. Ni yanzu kowace yamma sai na ɗaga ƙafar hagun nan na duba ta tsakanin yatsu, tunda ita ba za ta faɗa da kanta ba.

Bana da ruwan shuka ya sauka, maigida ya ce sai an kai shi gona. Na ce me zai yi a can, ya ce ko ƙamshin ƙasa ya shaƙa. Aka ɗora shi a amalanke, na sa masa takalmi mai rufi a ƙafar, na ɗaure da kaina. Yaya Idi ya bar tasa gonar ya zo ya fara da tamu. Maigida ya zauna a gindin gawo yana kallo, bai jima ba zaman ya gagare shi. Ya saƙala sandunansa a hammata ya shigo cikin gonar yana dogarawa. Rairayin ya jiƙa, duk inda ya kafa sanda sai ta nutse ta bar rami. Ni ina bayansa da ƙwaryar iri, ina tsoron kada ya faɗi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya saba, na ga rami na jefa gero. Ya ƙara taku, na ƙara jefawa. Sai na ji motsi a bayana. Yaya Idi ne, ya ajiye sungumi, yana bin mu yana rufewa da diddige.

Muka yi nisa a haka. Can Yaya Idi ya waiwaya ya dubi inda muka fito, ya gyara murya.

"Kai Dauda, layin nan naka ya karkace."

Maigida bai ko juyo ba, ya kafa sanda ya ce, "Gero bai san karkata ba, Yaya. Rufe dai."